Yadda Ake Haɗa UPS da Saba ta Kafar Siriyal Don Ta Kashe Kanta Kafin Batir Ya Ƙare

A ofisoshi da yawa za ka tarar an sayi UPS mai tsada, wato na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, an jona saba, babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a jikinsa, kowa ya saki jiki. Ranar da aka ɗauke wuta da tsakar dare kuma ba wanda ya tada janareta, UPS zai yi ta kuka shi kaɗai har batirinsa ya ƙare, sabar kuma ta mutu farat ɗaya kamar ba a taɓa sayen komai ba. Ribar da aka ci ita ce jinkirin minti goma sha biyar ko ashirin. In rumbun bayanai yana tsakiyar rubutu a lokacin, gobe da safe akwai aiki.

Abin da ya ɓace a irin wannan haɗin shi ne wayar da UPS zai yi wa sabar magana ta cikinta, ya ce mata an ɗauke wuta, ya ce mata batir ya kusa ƙarewa, ita kuma ta rufe ayyukanta cikin tsari, sannan ta umarce shi ya yanke wuta ya jira. Sababbin UPS na yin wannan ta USB ko ta katin netwok, amma tsofaffin APC Smart-UPS da ake samu a hannun 'yan gwanjo, da manyan UPS na ɗakin saba, yawancinsu suna da kafar siriyal, wato RS-232. Tsarin ya tsufa, tun 1960 yake, amma ni na fi amincewa da shi a kan USB wajen wannan aikin: ba ya ɓacewa ya dawo da sabon suna bayan an sake kunna na'ura, kuma ana ɗaure kansa da sukurori biyu, mai shara ba zai fizge shi da tsintsiya ba.

Zan yi bayanin a kan saba mai Debian ko Ubuntu, da manhajar Network UPS Tools da aka fi sani da NUT.

Fara duba bayan na'urorin biyu

A bayan sabar, kafar siriyal tana da tsinkaye tara a jeri biyu, biyar a sama huɗu a ƙasa, kuma namiji ce, tsinkayen a waje suke. Kada ka rikita ta da kafar VGA ta allon kwamfuta, wadda girmansu ɗaya amma ita ramuka goma sha biyar gare ta a jeri uku. A bayan UPS kuwa yawanci mace ce mai ramuka tara. Rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin daga takardar da ke manne a jikinsa, domin duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

In sabarka ba ta da kafar kwata-kwata, duba allon cikinta, sau da yawa akwai mazaunin tsinkaye da aka rubuta wa COM1 wanda ake jona masa 'yar waya a fito da kafar baya. In babu, sai mahaɗin USB zuwa siriyal. Masu guntun FTDI sun fi zama lafiya. Masu Prolific PL2303 da CH340 suna aiki a Linux, amma jabun na farkon sun cika kasuwa.

Maganar waya, inda aka fi yin ɓarna

Nan ne wurin da ya kamata ka natsu. Kafar da ke bayan UPS siffarta ta RS-232 ce, amma ba dole ne jerin tsinkayenta ya bi ƙa'idar RS-232 ba. Kama da wane ba wane ba ne. Kowane kamfani ya tsara nasa yadda ya ga dama, kuma APC, wanda ke ƙarƙashin Schneider Electric tun 2007, shi ne ya fi shahara da wannan. In ka ɗauki wayar siriyal ta gama-gari, irin ta tsohon modem, ka cusa a bayan Smart-UPS mai kafar tsinke tara, yana iya yanke wutarsa nan take, da saba da komai a kai. Dalili shi ne wasu tsinkayen da kwamfuta ke ɗora wa wuta don gaisawa da modem, a wajen APC tsinkayen ba da umarni ne. Saboda haka wayar da ka tsinta a cikin kwalin tarkacen ofis, ko da ta shiga daram, ba ka san ta ba sai ka auna ta.

Wayoyin APC suna da lamba da aka buga a jikin robar kansu. Baƙar waya mai lamba 940-0024C ita ce ta cikakkiyar magana: da ita UPS zai faɗa maka ƙarfin wutar da ke shigowa, yawan cajin batir, nauyin kayan da ke kansa da mintunan da suka rage. Mai ruwan toka, 940-0020B, ta ishara ce kawai, abu biyu take iya faɗi, an ɗauke wuta da batir ya yi ƙasa. In UPS ɗinka Smart-UPS ne, baƙar za ka nema.

In ba ka samu ba, haɗa ta ba wuya ga wanda ya iya riƙe ayan ɗin dalma, ko ka kai wa mai gyaran rediyo. Ana buƙatar kai mace na ɓangaren kwamfuta, kai namiji na ɓangaren UPS, da waya mai jijiya uku:

tsinke na 2 na kwamfuta zuwa na 2 na UPS
tsinke na 3 na kwamfuta zuwa na 1 na UPS
tsinke na 5 na kwamfuta zuwa na 9 na UPS

A wayar kamfani, an kuma haɗa na 1 da na 4, da na 7 da na 8, a cikin kan ɓangaren kwamfuta kaɗai. Yi hakan, ba ya cin komai. Sauran tsinkayen ɓangaren UPS a bar su ba a taɓa ba. Lambobin tsinkaye suna rubuce ƙanana a jikin robar kan, ka haska da fitilar waya ka karanta su da idonka, kada ka ƙirga da ka, domin jerin kai namiji da na mace a juye suke, na 1 ɗin wannan yana hagu na wancan yana dama. Da ka gama, sa mita a ma'aunin da ke ƙara idan waya ta haɗu, ka bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbatar ukun nan sun haɗu, ka kuma tabbatar dalma ba ta zubo ta haɗa maƙwabta ba.

Sababbin Smart-UPS masu lambar da ta fara da SMT sun sauya salo. Kafarsu ta siriyal ta yi kama da ta wayar intanet, wayarsu daban ce, kuma harshensu ba tsohon ba ne, don haka abin da na faɗa a sama bai shafe su ba. Kada ka kuskura ka cusa musu wayar netwok a ramin. A irinsu USB ko manhajar kamfanin ta fi sauƙi.

Sauran UPS da suka cika kasuwanninmu da sunaye iri-iri, da yawansu daga masana'antun China da Taiwan suke fitowa, kuma suna magana da harshen da ake kira Megatec ko Q1. Galibinsu wayar miƙe suke so, na 2 zuwa na 2, na 3 zuwa na 3, na 5 zuwa na 5. Duk da haka buɗe littafin da ya zo da shi, yawanci akwai zanen tsinkayen a shafukan ƙarshe. Tsawon waya kada ya wuce mita 15, kuma a jona sabar a jikin UPS ɗin da take magana da shi, domin su zama a kan wayar ƙasa ɗaya.

Ƙwato kafar daga hannun masu riƙe da ita

Kafin ka jona komai, ka tabbatar ba wani abu a cikin sabar da ke amfani da kafar. Mutane kan tsallake wannan, su kwana suna zargin waya.

Shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar kanta, lokacin da sabar ke tashi. Kunna kafar siriyal in a kashe take, ka ga cewa COM1 ce ke fita ta kafar baya. A sabobin Dell da HP akwai tsarin da ke karkatar da rubutun allo zuwa siriyal, ko ya miƙa kafar ga iDRAC ko iLO domin a riƙa shiga daga nesa. Kashe karkatarwar, ko ka mai da ita kan COM2. Tun da kana ciki, nemi wurin da ke faɗin abin da sabar za ta yi in wuta ta dawo. Dell na kiransa AC Power Recovery, wasu allunan kuma Restore on AC Power Loss. Sa shi a On. Kada ka bar shi a Last State, domin sabar da ta kashe kanta da kanta, halinta na ƙarshe shi ne a kashe, kuma haka za ta zauna har wani ya zo ya danna maɓalli.

Bayan Linux ya tashi, nemi sunan kafar:

    sudo dmesg | grep tty

COM1 ita ce /dev/ttyS0, za ka gan ta da adireshin 0x3f8 da irq 4. COM2 ita ce /dev/ttyS1. Mahaɗin USB zai fito a matsayin /dev/ttyUSB0, amma wannan lambar na iya sauyawa in an ƙara wata na'ura, don haka yi amfani da dogon sunansa da ke cikin /dev/serial/by-id/ wanda ba ya canzawa. A Ubuntu 22.04, in mahaɗin mai CH340 ya bayyana ya ɓace cikin daƙiƙa, manhajar brltty ta allon makafi ce ke kama shi, cire ta in ba mai buƙatarta a sabar.

Sai ka duba ko Linux ya buɗe ƙofar shiga a kan kafar:

    systemctl status serial-getty@ttyS0.service
    cat /proc/cmdline

In na farkon yana aiki, tsayar da shi:

    sudo systemctl disable --now serial-getty@ttyS0.service
    sudo systemctl mask serial-getty@ttyS0.service

In ka ga console=ttyS0 a sakamakon na biyun, cire shi daga /etc/default/grub, ka yi sudo update-grub, ka sake kunna sabar. Wannan ba tsafta ce kawai ba. A tsohon harshen APC kusan kowane harafi umarni ne, to in Linux yana zuba saƙonnin tashinsa a kafar, UPS yana karɓar su ne a matsayin magana gare shi. ModemManager ma ba shi da aikin yi a saba, shi ma yakan ƙwanƙwasa kafofin siriyal yana neman modem, cire shi.

Jonawa da gaisuwar farko

Karon farko, kashe sabar gaba ɗaya kafin ka jona. In waya ta zama ba daidai ba UPS ya yanke wuta, ba abin da aka rasa. Jona kan UPS, jona kan saba, ɗaure sukurorin, ka kunna.

Ina son in gaisa da UPS da hannu kafin in sa wata manhaja a tsakani, domin in abu ya ƙi daga baya, na san ba waya ba ce. Gudun maganar APC da na Megatec duka 2400 ne:

    sudo apt install picocom
    sudo picocom -b 2400 /dev/ttyS0

Ga APC, danna babban harafin Y. Zai amsa da SM, ma'ana ya shiga yanayin magana. Babban L zai ba ka ƙarfin wutar da ke shigowa, ƙaramin f yawan cajin batir, ƙaramin j mintunan da yake hasashen zai iya riƙewa. Tsaya nan. Kada ka yi ta danne-danne don ganin abin da zai faru, haruffan K da Z da S na kashewa ne.

Ga mai harshen Megatec, rubuta Q1 ka danna Enter. Amsar layi ɗaya ce da ta fara da baka, alal misali:

    (228.0 228.0 229.5 023 50.0 13.5 32.0 00001000

Na farko wutar shiga, na uku wutar fita, na huɗu nauyin kaya cikin ɗari, sai mitar wuta (frequency) wadda ya kamata ta tsaya kusa da 50, sai ƙarfin batir, sai zafi. Lambobi takwas na ƙarshe su ne labarin: na farkonsu yana zama 1 in an ɗauke wuta, na biyu yana zama 1 in batir ya yi ƙasa. Fita daga picocom da Ctrl-A sannan Ctrl-X. Dole ka fita, kafa ɗaya ba ta ɗaukar masu magana biyu.

In shiru ka ji, ko dai ba kafar ba ce, gwada ttyS1, ko na 2 da na 3 sun juye. In tarkacen haruffa kake gani, gudun ne bai dace ba.

Saita NUT

    sudo apt install nut

Fayilolin suna cikin /etc/nut, a dangin Red Hat kuma /etc/ups. Huɗu za ka taɓa. A nut.conf:

    MODE=standalone

A ƙarshen ups.conf ka gabatar da UPS ɗin, da sunan da ka ga dama:

    [ofis]
        driver = apcsmart
        port = /dev/ttyS0
        desc = "UPS na dakin saba"

Layin driver shi ne sunan direba, wato manhajar da ke magana da UPS ɗin. Mai harshen Megatec sai ya sa nutdrv_qx a madadin apcsmart. Tsofaffin bayanai za su ce maka blazer_ser, shi ma yana aiki, amma nutdrv_qx ne magajinsa. UPS mai ishara kawai direbansa genericups ne, tare da lambar upstype da za ka zaɓa daga littafin direban gwargwadon wayarka, kuma shi ne wanda ya fi wahala da mahaɗin USB mai arha, domin ya dogara ne da ƙananan tsinkayen da irin waɗannan mahaɗan ba su cika kula da su ba.

A upsd.users:

    [mailura]
        password = SaTakaKalmar
        upsmon primary

A upsmon.conf ƙara wannan layin, ka kuma tabbatar akwai layin SHUTDOWNCMD da na POWERDOWNFLAG ba a rufe su da alamar # ba:

    MONITOR ofis@localhost 1 mailura SaTakaKalmar primary

Kalmar primary ta NUT 2.8 ce, wanda ke cikin Debian 12 da Ubuntu 24.04. Ubuntu 22.04 yana da 2.7.4, a can master za ka rubuta a wuraren biyu. Direban yana gudana ne da sunan mai amfani nut, kuma kafofin siriyal na rukunin dialout ne, to duba da id nut, in ba ya cikin rukunin ka sa shi:

    sudo usermod -aG dialout nut
    sudo upsdrvctl start
    sudo systemctl restart nut-server nut-monitor
    upsc ofis@localhost

Dogon jeri zai fito. Nemi ups.status. OL na nufin yana kan wutar gari, OB yana kan batir, LB batir ya yi ƙasa. NUT na kashe saba ne idan OB da LB suka haɗu. In direban ya ƙi tashi, kira shi kai tsaye ya faɗa maka damuwarsa: sudo /lib/nut/apcsmart -a ofis -DD.

Wanda APC kaɗai gare shi yana iya ɗaukar apcupsd maimakon NUT. Fayil ɗaya ne, /etc/apcupsd/apcupsd.conf, layuka uku ne ginshiƙinsa, UPSCABLE smart da UPSTYPE apcsmart da DEVICE /dev/ttyS0, kana duba shi da apcaccess. Ɗaya za ka zaɓa, kada ka girka su tare. Mai Windows kuma PowerChute na APC zai sa, ya nuna masa COM1, maganar waya da BIOS duk ɗaya ce.

Yaushe ya kamata ta kashe kanta

Saitin da ya zo da manhajar an yi shi ne da tunanin ƙasashen da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara. A can jira har batir ya kusa ƙarewa ba laifi ba ne, domin zai samu watanni yana cike kafin a sake buƙatarsa. A Kano ko Zinder lissafin daban ne. Ana iya ɗaukewa, a kawo na minti goma, a sake ɗaukewa. In ka bar batir ya zube ƙasa a karon farko, karo na biyu zai tarar da shi fanko, sabar tana tsakiyar tashi wuta ta yanke, wanda ya fi na farko muni. Kuma batirin dalma ba ya son a riƙa tatse shi har ƙarshe, kowace tatsa tana rage masa kwana.

Ga kuma zafi. Shekarun da kamfani ke rubutawa a kan waɗannan batura an auna su ne a zafin digiri 25 na Celsius, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwar batir biyu. Ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu, ka yi lissafin da kanka. Batirin da ya gaji yana yaudarar UPS: zai ce saura minti goma sha biyu, bayan minti uku ya faɗi. Don haka kada ka jira LB na kamfani, ja layinka tun da wuri. A ƙarƙashin bayanin UPS ɗin cikin ups.conf:

        ignorelb
        override.battery.charge.low = 50
        override.battery.runtime.low = 420

Ma'ana, a ɗauki batir a matsayin ya yi ƙasa da zarar ya sauka ƙasa da rabi, ko hasashen lokacin ya gaza daƙiƙa 420, wato minti bakwai. Lambobin misali ne, naka za su fito daga abu biyu da za ka auna da agogo: minti nawa sabar ke ɗauka ta rufe komai, da minti nawa ake ɗauka a wurinku kafin janareta ya tashi a juya layi. Kana son ta jure jiran janareta, amma in ya wuce lokacinsa ta tafi da sauran caji a ajiye. Masu Megatec su lura, yawancin waɗannan UPS ba sa faɗin caji cikin ɗari, direban ne ke ƙiyasta shi daga ƙarfin batir, don haka a wajensu ya fi aminci a yi amfani da upssched, manhajar NUT mai ƙirga lokaci, a ce in an yi minti kaza a kan batir a kashe, ba ruwanka da ƙiyasi.

Janareta na da tasa matsalar. Ƙaramin inji wanda gudunsa ke hawa da sauka yana sa UPS ya ƙi amincewa da wutarsa, ka ji yana ta ƙwas-ƙwas yana komawa batir alhali fitilun ofis a kunne. A upsc za ka ga OL da OB suna musanya, input.frequency kuma yana yawo nesa da 50. A APC ana rage saurin zarginsa ta input.sensitivity da umarnin upsrw, daga H zuwa M ko L. In hakan bai yi ba, injin ne ke son bakanike. Ta upsrw ɗin nan kuma, in samfurinka na da battery.charge.restart, ɗaga shi daga sifili, domin UPS ya ƙi sakin wuta ga sabar sai batir ya ɗan farfaɗo.

Gwaji, har zuwa dawowa

Wanda bai gwada ba bai gama ba, kuma gwajin kashi biyu ne. Zaɓi lokacin da ba kowa a kan sabar, ka tabbatar akwai kwafin bayanai a wani wuri.

Na farko, ɗauke wa UPS wuta. Kada ka zare fulogin daga bango, domin zare shi yana raba UPS da duk abin da ke kansa da wayar ƙasa. Soket ɗinmu mai ido uku yana da makunni a jikinsa, shi za ka kashe, fulogin na ciki. Cikin 'yan daƙiƙu upsc ya nuna OB, saƙo kuma ya fito a allo. Kunna makunnin, ya koma OL. Wannan ya nuna kunne yana ji.

Na biyu shi ne na gaske:

    sudo upsmon -c fsd

Wannan umarnin yana tilasta dukkan tsarin kamar batir ya ƙare, kuma ba a janye shi in an bayar. Tsaya a gaban na'urorin ka kalla. Sabar za ta rufe ayyukanta, a ƙarshen rufewar NUT zai aika wa UPS umarnin yanke wuta, bayan ɗan jinkiri UPS ya kashe kafofinsa, sannan ya sake sakin wuta, sabar kuma ta tashi da kanta saboda saitin BIOS da ka yi. Yanke wutar nan shi ne abin da ake yawan mantawa. In UPS bai yanke ba, sabar ba za ta taɓa sanin wuta ta tafi ta dawo ba, za ta kwana a kashe alhali komai lafiya. In ta rufe amma UPS bai yanke ba, koma kan layin POWERDOWNFLAG. In UPS ya yanke kafin ta gama rufewa, ƙara jinkirin: ups.delay.shutdown ta upsrw a APC, ko offdelay cikin ups.conf a nutdrv_qx. In ya yanke ya dawo amma ba ta tashi ba, BIOS ne. Wasu UPS ɗin ba sa yin zagayen yankewa da dawowa daidai in wutar gari na nan, to maimaita gwajin da makunnin bango a kashe, ka kunna shi bayan komai ya mutu, domin haka abin zai faru a zahiri.

Saba mai gidan wuta biyu tana buƙatar lura a nan: in ɗaya na jikin UPS ɗaya na bango kai tsaye, lissafin yankewa da dawowa ya rikice. Mafi sauƙi a sa duka biyun a UPS ɗin.

In akwai wasu kwamfutoci a kan UPS ɗin, ba sai kowace ta samu waya ba. Mai riƙe da wayar siriyal ta koma MODE=netserver, a ƙara layin LISTEN da adireshinta da lamba 3493 a upsd.conf, a buɗe wani mai amfani da upsmon secondary, sauran kuma su sa nut-client da MODE=netclient suna kallonta ta netwok. Ita za ta jira su rufe kafin ta bi bayansu. Sharaɗin shi ne na'urar da ke haɗa netwok ɗin ita ma tana kan UPS, in ba haka ba saƙon ba zai isa ba a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Mai Proxmox, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin saba ɗaya, ya girka NUT a kan uwar na'urar kanta, ba cikin ɗaya daga kwamfutocin da take ɗauke da su ba, kuma ya ƙara lokacin rufewar su duka a lissafinsa.

Bayan an sauya batir, ko an ƙara kaya a kan UPS, ko an ɗaukaka Linux zuwa sabon fitowa, a sake gwaji na biyun. Ka kuma manna 'yar takarda a jikin wayar, ka rubuta cewa ta UPS ce kaɗai kuma ba a musanya ta da wata, tare da ranar da aka sa batirin.